Tambaya da Amsa: Ina son rubuta labarin matasa masu farautar aljanu a Gusau

TAMBAYA: Salamu alaikum Anti, ni ɗaliba ce 'yar aji shida a sakandare nan Tudun Wada Gusau. Na karanta wani littafin Turanci a waya, City of Bones, labarin yara matasa ne da ke yawo cikin birnin New York da dare suna kashe shaiɗanu mutane ba su ganinsu, wallahi kwana uku ban yi barcin kirki ba sai da na gama shi. To ni ma ina son in rubuta irinsa da Hausa a garinmu, amma yayana ya ce wannan shirme ne kuma wasa da aljanu ne. Dan Allah mi za ni yi?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki rubuta abinki, amma zauna mu yi magana tukuna don akwai inda yayan naki ya taɓo gaskiya.

Littafin nan Cassandra Clare ta fitar da shi a 2007, kuma abin da take kira shaiɗan a ciki mugun abu ne zalla, ba ya da imani ba ya da iyali, an gan shi a sare shi kawai. Mu kuwa aljani ba haka yake wurinmu ba, halittar Allah ce daga wuta, kuma Suratul Jinn ta faɗa ƙarara cewa cikinsu akwai salihai akwai waɗanda ba haka ba. Har hadisi ya zo a Sahihu Muslim kan macizan cikin gida a Madina, aka ce a yi musu gargaɗi kwana uku kafin a kashe don wataƙila aljani ne musulmi. To kin ga in kika ɗauko yara huɗu kika ba su takubba suna bin lungunan Sabon Gari suna sare duk aljanin da suka gani, mai karatu Bahaushe tun shafi na biyar zai aje, zuciyarsa ba za ta karɓa ba. Ni a ganina daɗin labarinki ma nan yake, yaranki sai sun fara gane wa ke gabansu, mai cutarwa ne ko wanda aka zuba wa ruwan zafi a tsakar gida ba bismillah ya zo neman hakkinsa.

Kuma kada ki aro musu makamin Turawa. Ki tuna yadda ake yi in aljanu sun tashi ma wata yarinya a hostel, ɗalibai sun watse da ihu wasu ko takalmi babu, sai ki ga wata 'yar shiru-shiru da ba wanda ya damu da ita ta matso ta dafa kanta tana karanta Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi muryarta na rawa amma ba ta daina ba, wannan yarinyar ita ce jarumarki, ba sai kin sa mata baƙar riga da zanen jiki ba.

Wurare kuma ai kina da su. Ga dutsen Kwatarkwashi nan kusa da ku a ƙaramar hukumar Bungudu, tun kaka da kakanni ake danganta shi da iskoki, ga tsamiyar bayan makaranta, ga juji, ga lokacin magariba da iyaye ke kora yara cikin gida. Ki sa su cikin Keke Napep, caji ya ƙare musu a waya, Mama na ta kira ina kuka tsaya, gobe kuma akwai jarabawa.

Batun shirme kuwa, ki gaya wa yaya cikin ladabi cewa Ganɗoki na Bello Kagara da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam duk daga gasar rubutu ta 1933 suka fito, duka biyun da aljanu a ciki, kuma an karantar da su a makarantu shekara da shekaru. Abin da zan ja miki kunne kawai, kada ki ƙirƙiro addu'a ko ɗalasimai ki ce suna aiki, yara za su kwafa. In kin gama babi na farko ki ba malamin Islamiyyarku ya duba wuraren da suka shafi addini, sannan ki turo min in karanta.