Kasaru da sallar cikin jirgi daga New York zuwa tsibirin Rodos

Tambaya: Malam, ina zaune a Bronx, birnin New York. Aiki zai kai ni tsibirin Rodos na ƙasar Girka, zan yi mako guda. Wani ya ce mini tunda jirgin sama ne, babu wahala, ba ni da kasaru. Haka ne? Kuma yaya zan yi da sallolin da za su riske ni a sama?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗan'uwa, maganar da aka faɗa maka ba daidai ba ce. Allah ya rataya kasaru ne a kan tafiya, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i aya ta 101, bai rataya ta a kan gajiya ba. Da Sayyidina Umar ya tambayi Annabi (SAW) dalilin kasaru bayan an sami aminci, sai ya amsa masa cewa sadaka ce Allah ya yi muku, ku karɓi sadakarsa. Muslim ne ya ruwaito.

Nisan da malamanmu Malikawa suka sa shi ne baridi huɗu, mil 48, wajen kilomita 80. Daga New York zuwa Atina, babban birnin Girka inda za ka canja jirgi, kusan kilomita 7,900 ne, tafiyar awa tara zuwa goma, sannan a ƙara sama da kilomita 400 zuwa Rodos. Nisa kam ya wadatar.

Inda mutane suke kuskure shi ne wurin farawa. Filin jirgin JFK yana Queens, cikin garinku ne, don haka sallar da ka yi a can cika ta za ka yi. Kasaru sai jirgi ya bar gine-ginen gari.

Jiragen wannan hanya galibi da yamma suke tashi, kuma gabas suka nufa. Girka tana gaban New York da awa bakwai, dare zai taƙaice maka ƙwarai. Magariba, Isha'i da Asuba duk za su iya shiga su fita kafin ku sauka, saboda haka kada ka ce sai an sauka. Kada kuma ka dogara da agogon hannunka. Ɗaga labulen taga ka dubi faɗuwar rana da ketowar alfijir a inda jirgin yake. Ka hau da alwala. In an ba ka wuri ka tsaya ka fuskanci alƙibla, in bai yiwu ba ka yi a zaune, kamar yadda hadisin Imrana ɗan Husaini ya nuna. Magariba uku, Isha'i biyu, Asuba biyu.

A Atina, lokacin jiran jirgi na biyu, matafiyi ne kai, ka yi kasaru. Amma da zarar ka shiga Rodos sai ka cika, domin niyyar zaman kwana huɗu cikakku tana yanke hukuncin tafiya a wurin Malikawa. Hanafawa sun ce sai kwana 15. Na farkon nake ba ka fatawa da shi, ya fi kusa da kiyayewa. Ranar komawa, da ka bar garin, kasaru ta dawo har ka shigo New York.

Wallahu a'alam.