Tambaya da Amsa: Neman gidan iyali a gefen birnin Kano

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin gwamnati ne, ina aiki a sakatariyar Audu Baƙo, kuma ina zaman haya a Gyaɗi-Gyaɗi da maiɗakina da 'ya'yanmu biyar. Kuɗin haya ya hau har ya fi ƙarfina, don haka na haɗa ɗan abin da na tara da kuɗin gonar gado da muka sayar, ina neman gida mai ɗaki uku da falo. A cikin gari kuɗina ko fili ba za su saya ba. Dillalai sun kai ni Langel da Rangaza da Gunduwawa, na ga gidaje masu sauƙin kuɗi, amma yawancinsu awon igiya ne, wato filayen da masu su suka yanka da kansu ba bisa tsarin gwamnati ba. Wace shawara za ku ba ni? Daga wani mai karatu a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya sa a dace. Abin da ya kamata ka fara yi shi ne ka daina bin dillalai zuwa kowace kusurwa ta gari, ka zaɓi titi ɗaya wanda ya dace da wurin aikinka da makarantar yara. Kano tana faɗaɗa ne a kan manyan titunanta: titin Gwarzo ya bi ta Kabuga da Rijiyar Zaki da Ɗanbare har Janguza, titin Katsina ya bi ta Kurna da Rijiyar Lemo da Bachirawa har Dawanau, titin Haɗeja ya bi ta 'Yankaba da Gunduwawa har Jogana, titin Maiduguri kuma ya bi ta Hotoro da Mariri. Unguwanni ukun da aka nuna maka suna fuskoki uku ne dabam-dabam, kuma mai aiki a inda kake aiki zai fi samun sauƙin shiga gari daga ɓangaren Mariri ko Na'ibawa da Kumbotso fiye da daga Rangaza.

Dalilin da ya sa na fara da titi shi ne, tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya zama wata haya ta biyu da ba a rubuta ta a takarda. Ka ɗauka, alal misali, nisan sabon gida ya ƙara wa iyalinka naira 1,000 kacal a rana a kuɗin A Daidaita Sahu. A kwana 22 na aiki naira 22,000 ke nan a wata, wato naira 264,000 a shekara. Ka ƙara da kuɗin 'yan garuwa, domin ruwan famfo bai kai yawancin sababbin unguwanni ba, ka kuma tambaya ko akwai taransifoma a unguwar ko kuwa mazauna ne ake sa ran za su yi karo-karo su saya. Araha ba ta ado, kuma sai ka haɗa wannan lissafi gaba ɗaya za ka san ainihin kuɗin gidan.

Batun awon igiya shi ne ya fi damuna a wasiƙarka. Ba kowane awon igiya ne matsala ba, domin dubban iyalai suna zaune lafiya a irinsa, amma ya kamata ka san abin da kake saya. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna, saboda haka takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa ko dagaci shaida ce ta cewa ka biya kuɗi a gaban mutane, ba ta kai matsayin takardar shaidar mallaka ta gwamnati ba. Idan mai gidan ya ce yana da takardar gwamnati, ka karɓi lambar fayil ɗin, ka je da kanka ko ka tura lauya a yi bincike a hukumar KANGIS mai adana bayanan filayen jihar Kano da ma'aikatar ƙasa, a tabbatar sunan da ke kan fayil shi ne na mai sayarwa, kuma ba a jinginar da gidan a banki ba. Idan awon igiya ne, ka tambayi hukumar tsara birni ta KNUPDA ko wurin ya faɗa cikin hanya ko wani tsari na gwamnati, ka kuma guji duk gidan da ke ƙarƙashin babbar wayar lantarki ko kusa da layin dogon da ake shimfiɗawa daga Kano zuwa Maraɗi, wanda ya bi ta yankin Dawanau.

Yawancin filayen gefen gari gonakin gado ne da aka yanka, kuma a nan rigima take ɓuya. Sau da yawa babban wa ne yake sayarwa alhali ƙannensa mata ba su sani ba, sai bayan shekaru mai saye ya tsinci sammaci daga kotun shari'ar Musulunci. Ka nemi ganin takardar rabon gado, ka bi sarƙar ciniki tun daga mai gonar na asali, kuma ka sa kowane magaji ya sa hannu. Wanda ya ce maka “ai mu duka ɗaya ne, ba sai an kira su ba”, ka riƙe kuɗinka har sai an kira su.

Sannan kada ka yanke hukunci a kan gidan da ka gani da rani kaɗai. Ka koma unguwar a watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi, ka duba ko mota tana iya shiga layin. Ka dubi gindin katanga: idan fenti ya kumbura yana ɓarewa kamu ɗaya ko biyu daga ƙasa, ko ka ga farin gishiri a jikin bulo, to danshi yana hawa. Ka tambayi tsofaffin unguwa, ba dillali ba, ko wurin tsohon kududdufi ne da aka cike da shara, domin ginin da aka ɗora a kan irin wannan ƙasa yakan fara tsagewa tun daga kusurwar taga. Gidajen da ake ginawa don sayarwa kuwa, ka kai magini amintacce ya duba ƙarfin bulo da rodi da ramin masai, kada tayil da silin mai walƙiya su ɗauke maka hankali.

A ganina, hanyar da ta fi aminci ga mai iyali irinka ita ce ka kama haya na shekara ɗaya a unguwar da ka zaɓa, ka ga damina da rani, maiɗakinka ta ga kasuwa da asibiti da maƙwabta, domin ita ce za ta fi kowa wuni a can. Idan kana tsoron kuɗin su narke kafin lokacin, ka sayi fili mai tsabtar takarda a unguwar yanzu, ka yi ginin a hankali, ɗaki biyu da banɗaki da katanga tukuna. Tun da kai ma'aikaci ne, ka duba takardar albashinka ko ana cire maka kashi 2.5 cikin ɗari na asusun gidaje na ƙasa, wanda FMBN, bankin lamunin gidaje na gwamnatin tarayya, ke kula da shi. Idan ana cirewa kana da damar neman rance, sai dai suna neman gida mai takardar gwamnati, kuma idan kana ƙyamar kuɗin ruwa ka tambaye su tsarinsu na haya-zuwa-mallaka wanda ba ruwa a cikinsa. Ranar ciniki kuma, ku yanke la'adar dillali tun kafin a yi sallama, ka biya kuɗin gidan ta banki zuwa asusun mai gidan da kansa, a gaban shaidu biyu daga kowane ɓangare.