Yaya ake auna yadda mutum ke bayyana jinsin da yake sha'awa?

Ɗan'uwa, ka ce aikin makaranta ne za ka yi a Agege. Akwai ma'aunin da masu bincike Mohr da Fassinger suka fitar a Amurka a 2000. Ana tambayar mutum game da uwa, uba, 'yan'uwa, abokan aiki da malaman addini, kowa a ba shi maki daga 1 zuwa 7, tun daga "bai sani ba" har zuwa "ya sani, muna ma hira a kai".

Amma fa nan Legas ce. Dokar 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi. Wanda ka tare a Mile 12 da takarda a hannu, ƙarya zai shirga maka, ni kuwa ban ga laifinsa ba. Kada ka karɓi suna ko lambar waya.