Re: Mace 'yar sanda za ta iya rufe kanta a bakin aiki?

Malama kina tambaya ko in kin shiga aikin ɗan sanda za a bar ki ki rufe kanki. Eh za a bar ki, tun 2022 Sufeto Janar na 'yan sandan Najeriya na lokacin, Usman Alkali Baba, ya amince mata su sa ɗankwali a ƙarƙashin hular aiki.

Amma fa ƙaramin ɗankwali ne mai rufe gashi da kunne, ba zumbulelen hijabi har gwiwa ba, kuma kaki dai dole. Ƙanwata tana ciki, ita abin da ya fi ba ta wahala ma dutin dare ne, sai da ta zauna da maigidanta suka daidaita, don in aka kawo mace caji ofis ƙarfe 2 na dare ita ake nema ta caje ta.