Hukuncin Zama a Riƙa Ƙiyasta Mutuwar 'Ya'ya Don Cire Tsoro

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na saurari wani darasi a YouTube kan masana falsafar Girka da Rum da ake kira Istoyik, wai mutum ya riƙa kawo wa ransa mafi munin abin da zai iya samunsa har tsoro ya fita. Tun rasuwar ɗana na fari bara nake yin haka a kan ƙannensa biyu kowane dare. Yanzu barci ya ƙaurace mini, sai in tashi in riƙa taɓa ƙirjinsu. Wata malama ta ce bala'i nake jawo musu. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan yaron, Ya sa mai ceto ne, Ya raya na baya.

Abin da kika ji tsoho ne. Wani masani mai suna Zeno ne ya kafa makarantar Istoyik a birnin Atina kusan shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Daga cikin malamanta, Saneka ya shawarci abokinsa ya ware 'yan kwanaki yana cin abinci marar daɗi, yana sanye da tufa mai kaushi, sannan ya tambayi kansa: ashe wannan nake tsoro? Efiktitus kuwa, bawa ne da aka 'yanta, cewa ya yi in kana sumbatar ɗanka ka tuna mai mutuwa kake sumbata. Tasa kika ɗauka.

Tuna mutuwa sunna ce, babu saɓani. Ɗaukar dabarar rayuwa daga wanda ba Musulmi ba ya halatta matuƙar ba ibada aka mayar da ita ba.

Maganar malamar ce ban yarda da ita ba, ko da yake alheri take nufi. Masu wannan ra'ayi suna kafa hujja da "bala'i yana rataye da furuci", da kuma faɗin Annabi Yaƙub (AS) cewa yana tsoron kerkeci ya cinye Yusuf. Ta farko malaman hadisi sun raunana ta, ba ta inganta daga Annabi (SAW) ba. Ta biyu kuwa hujja ce a kansu, domin kerkecin bai ci Yusuf ba. Sannan ga yaƙin Mu'uta a shekara ta 8 bayan hijira: Annabi (SAW) ya naɗa Zaidu, ya ce in an kashe shi Ja'afar ya karɓa, in an kashe Ja'afar sai Abdullahi ɗan Rawaha. Duka ukun sun yi shahada. Wa zai buɗe baki ya ce furucin Annabi ne ya kashe su? Wasiyya ma da aka ce kada mai abin wasiyya ya kwana biyu ba ta rubuce a wurinsa, ai ƙiyasta mutuwa ce. Camfin da aka hana shi ne ka ga wata alama ka fasa abin da ka nufa. Tunaninki ba ya matso da ajalin kowa, kuma ba shi ya ɗauke na fari ba. Na faɗi wannan ne don na san inda irin maganar take kai uwa mai makoki.

To amma ke, 'yar'uwa, ki daina. Hukuncin ya juya ne a kan kalmarki cewa barci ya ƙaurace miki. Annabi (SAW) ya ambaci kisan kwamandoji sau ɗaya, ya yi tsari, runduna ta tafi. Tunanin da ya haifar da tanadi, kamar biyan bashi ko kai yaro asibiti tun zazzaɓi bai yi tsanani ba, halal ne. Wanda kullum yake dawo da ke bakin gadon yara da tsakar dare ya zama waswasi, kuma cutar da kai haramun ne. Su Istoyik ɗin ma don samun natsuwa suka tsara shi, ke kuma ba ki samu ba.

Ki kuma yi hattara da sauran darussan. Burinsu kada rashi ya girgiza zuciya, wasunsu har sun halatta wa mutum kashe kansa. Mu kuwa Annabinmu ya zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahim, ya ce ido na hawaye, zuciya na baƙin ciki, ba ma faɗin komai sai abin da Ubangiji Ya yarda da shi. Kuka bai rushe haƙurinki ba. Tirmizi ya ruwaito cewa wanda aka karɓi ɗansa ya gode wa Allah, ya yi istirja'i (wato ya ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un), za a gina masa gida a Aljanna mai suna Baitul Hamdi.

Da dare ki nema musu tsari da addu'ar da Annabi yake yi wa Hasan da Husaini, "U'izukuma bi kalimatillahit tammah", ki karanta Falaƙi da Nasi ki shafa musu, ki kashe waya. Ki faɗa wa maigidanki halin da kike ciki, watakila shi ma dauriya kawai yake yi. In rashin barcin ya ci gaba ki ga likitan ƙwaƙwalwa, ba hauka ba ne, ba kuma raunin imani ba ne.

Wallahu a'alam.