Dalilin da takun rawarku ba ya daidaita da kiɗan littafin Playford

Malam, ka ce kuna bin bugun 1651 na littafin raye-rayen gargajiyar Ingila da John Playford ya wallafa, amma kiɗa yakan ƙare ku ba ku gama taku ba. Duba ɗige-ɗigen da ke ƙarshen kowane umarni: ɗigo ɗaya na nufin an kaɗa sashen kiɗan sau ɗaya, biyu kuma an maimaita shi. Idan makaɗi ya tsallake maimaicin, shi ke nan lissafi ya watse.

A cikin umarnin, harafin D (wato double) taku huɗu ne, na huɗun haɗe ƙafa ake yi. S (wato single) taku biyu. Kiɗan bugun farkon kuma yawanci babu layin raba awo (layukan tsaye da ke raba rubutaccen kiɗa daidai-daidai), sai ka ƙirga ka ja da fensir.

Fassarar da Cecil Sharp, mai tattara waƙoƙi da raye-rayen gargajiyar Ingila, ya yi wa umarnin Playford a 1911 tana taimakawa, sai dai wasu motsin hasashensa ne, domin Playford bai bayyana su ba.