Kafa doka ba shi ne nasarar ƙungiya ba

Tambaya: Malam, ina rubuta kundin kammala karatu a nan Zinder kan yadda ake auna aikin ƙungiyoyin kare haƙƙi. Babin da ya fi tayar mini da hankali shi ne na ƙungiyoyin da ke fafutukar haƙƙin masu sauya jinsi a ƙasashen waje. Na rubuta cewa na Pakistan sun yi nasara tunda an kafa musu doka, amma malamin da ke duba aikina ya ja jan layi ya ce hujjar ba ta tsaya ba. Ranar kare kundi ta matso, ina tsoron kada in sha kunya gaban alƙalai. Ina kuskuren yake?

Amsa: Ƙanwata, kwantar da hankalinki, malaminki ya yi miki gata. Gara jan biro yanzu da tambayar da za ta ɗaure miki baki a zauren jarrabawa.

Ki fara raba abu biyu. Ra'ayinki game da manufar ƙungiya, da abin da addininki da al'adarki suka ce, wannan naki ne, kuma ba shi aka tambaye ki ba. Mai awo yana duba abin da ƙungiya ta ce za ta canza, sannan ya bincika ko ya canza, ga wa, kuma ko ya ɗore.

Kuskurenki shi ne wanda nake karo da shi kullum a rahotannin ƙungiyoyi masu zaman kansu (ONG): a ɗauki takarda a ce ita ce sakamako. Majalisar Pakistan ta zartar da dokar a 2018, ta ba mutum damar a rubuta masa jinsin da yake ɗaukar kansa a katin shaida. A watan Mayun 2023 Kotun Shari'a ta Tarayya ta ce sassan da suka shafi wannan dama da na gado sun saɓa wa Musulunci. To wace shekara za ki tsayar da awonki? In kin tsaya a 2018, nasara. In kin ƙara shekara biyar, labari ya sha bamban. Indiya ma haka: Kotun Ƙoli ta amince da jinsi na uku a 2014, amma dokar 2019 ta ce sai an nemi takardar shaida daga shugaban gunduma, kuma da yawa daga masu fafutukar suka fito suna adawa da ita. Wanda ya ƙirga wannan doka a layin nasara bai saurari waɗanda aka yi ta dominsu ba. A Brazil kotun ƙoli ta yarda a canza suna ba tare da tiyata ba a 2018, duk da haka ƙasar ce ke kan gaba shekara bayan shekara a ƙididdigar kashe-kashen masu sauya jinsi da TGEU, wata ƙungiyar kare haƙƙinsu ta Turai, ke tattarawa.

Ba sai mun je nesa ba. Nijar ta mayar da bauta laifi a doka a 2003, amma sai da Hadijatou Mani, wadda aka riƙe a matsayin baiwa, ta kai ƙara kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta yi nasara a 2008. In kina auna aikin Timidria, ƙungiyar yaƙi da bauta ta Nijar, ranar da aka sa hannu za ki duba, ko yawan waɗanda suka fita daga hannun iyayen gijinsu suka kuma samu abin dogaro? Wannan shi ke ba ni takaici da masu kiran kansu ƙwararru. Su kwana biyu a otel, su tattara takardun sa hannun mahalarta taro, su ɗauki hoton jama'a a bayan kyalle mai tambarin mai ba da kuɗi, su rubuta "an wayar da kan mutum kaza", su karɓi kuɗinsu su hau mota. Rabin waɗanda suka sa hannun kuɗin zama ne ya kawo su, kowa ya sani. Taro aiki ne da aka yi, doka mataki ne da aka taka. Sakamako yana bakin tagar ofis: mutum ya miƙa takardunsa, ma'aikaci ya duba fuskarsa ya duba hoton, ya ba shi katin ko ya ce ya dawo gobe. Yana ɗakin jiran likita, da wurin mai gidan haya, da ofishin 'yan sanda ranar da aka zo da ƙorafi. Nawa suka nema, nawa suka samu, wata nawa suka jira? Ajantina ta kafa dokarta ta sauya jinsi a katin shaida a 2012, sai a 2021 ta ƙara wata da ta ware wa masu sauya jinsi kashi 1 cikin 100 na ayyukan gwamnati, don katin shaida shi kaɗai bai ba kowa aiki ba.

Ki yi hattara da alƙaluma kuma. Ƙidayar Pakistan ta 2017 ta samu masu sauya jinsi 10,418 kacal, adadin da ƙungiyoyin suka ce ya yi ƙasa ƙwarai. Mutanen da ke tsoron bayyana kansu ba sa ƙirguwa da sauƙi. Haka nan in ƙorafe-ƙorafe suka ƙaru, mai yiwuwa cin zarafi ne ya ƙaru, mai yiwuwa kuma mutane ne suka samu ƙarfin halin kai ƙara. Ki rubuta fassarar biyu, ki faɗi wadda hujja ta fi goyon baya.

Kada kuma ki jingina kowane canji ga ƙungiya guda. Da Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire halin sauya jinsi daga babin cututtukan ƙwaƙwalwa a 2019, likitoci da masu bincike da gwamnatoci duk sun sa hannu. Ki ce ƙungiya ta ba da gudummawa, ki nuna ta wace hanya.

In kin yi hira da wani ta intanet don wannan babi, kada sunansa ko lambarsa ko garinsa su shiga kundinki ko su zauna a wayarki. Kundi yana ƙarewa a ɗakin karatu inda kowa zai buɗe shi. Ki sake babin Pakistan ɗin daga 2018 zuwa bayan hukuncin 2023, ki kai wa malaminki kafin ki taɓa sauran.